Bijimai Uku da Ɗakin Sanyi

Bijimai uku ne. Na farko na babana, jarinsa ke nan gaba ɗaya, ya sayo shi a kara, kasuwar shanu, ranar Talata. Na biyu na innata, ta daɗe tana turka shi da dusa da harawa a bayan ɗakinta, tana so ta cire jinka ta sa kwano kafin damina. Na uku nawa ne. Maraƙi ne kakana ya ba ni lokacin da aka yi mini kaciya, na yi kiwonsa da hannuna har ya yi tozo ya yi wuya. Duk ukun a safiya ɗaya aka kwantar da su, kuma abin da ya cinye su ba cuta ba ce, ba ɓarawo ba ne. Wani akwatin ƙarfe ne da bai taɓa ganin saniya ba.

Makon jiya maganar ta dawo mini. Ina zaune a shagona nan Talata Mafara, sai na ji mai tsiren tsallaken titi yana ce wa wani, "Alhaji, sabis ya ɗauke, tun hantsi tiransifa ba ta tafiya." Mutumin yana riƙe da waya, kuɗinsa na ciki, ga nama yana ƙamshi a gabansa, amma haka ya juya ya tafi. Sai na ji gabana ya faɗi, irin faɗuwar da ya yi ina yaro.

Mu Rundawa ne, wato mahauta, kaka da kakanni. Lokacin da ake gina madatsar Bakolori, garinmu ya cika da baƙin da ba mu taɓa jin yarensu ba. Manyan motoci suna wucewa daga safe har yamma, iska kanta warin man gas take yi. A bakin ƙofar sansanin ma'aikata wata kasuwa ta tsiro da kanta, kuma babbar ranarta ita ce ranar albashi. Lebura ya karɓi kuɗinsa, kafin ya tuna da gida sai ya tuna da nama. Mu kuwa muka ɗauki ranar albashi kamar yadda muka ɗauki ranar Talata. Ka taɓa jin an wayi gari an ce yau Talata ba ta zo ba? To haka muka yarda da ita.

Kakana, wanda duk gidan muke kira tsoho, yana da ƙa'ida guda. Ka yanka ɗaya, ka ga kasuwa, in ta karɓa ka yanka na biyu. Amma watan da ya gabata naman babana ya ƙare tun rana ba ta yi tsaka ba, ya tsaya yana kallon wasu suna kwasar ciniki. Abin ya tsaya masa a rai. Sai ya ƙudurta yanka uku a wannan albashin. Ya lallashi inna, ya lallashe ni da alkawarin maraƙi biyu a madadin sana. Da ya kai maganar gaban tsoho, tsoho ya ce, "Wanda anka yanka ba ya tashi, ka sani ko?" Baba ya ce, "Na sani, Baba. Amma albashi ba ya tashi shi ma." Tsoho ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "To, Alhaji mai sa ɗaya, gobe za ka zama attajiri, ka tuna da mu."

Bazara ce, irin wadda hadari ke haɗuwa ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Bayan sallar asuba aka yi yanka. Ni na riƙe igiyar sana har aka gama, ban yi kuka ba, don ina lissafin maraƙi biyu. Kafin rana ta ɗaga mun loda a-kori-kura, mun baje nama a bakin ƙofa, ja wur, kitse yana sheƙi.

Ma'aikata suka yi layi a gaban ofis kamar kullum. Rana ta ɗaga, layi bai motsa ba. Aka yi hantsi, aka wuce. Sai muka ga layin ya watse, mutane suna fitowa gungu-gungu suna magana da ƙarfi, babu mai waiwayen nama. Kawuna, ƙanin inna, shi yake share ofishin nan. Ya fito da sauri ya ja babana gefe. Na ga fuskar baba ta canza kafin in ji abin da aka ce. Wai yau babu albashi. Wai na'ura ta tsaya.

Tsoho bai yarda ba. Ya ce a kai shi ya ji da kunnensa. Ya kama hannuna, ya ce ni ma mai dukiya ne, in zo. Kawu ya bi da mu ta baya har gaban wani akawu, saurayi mai ladabi, wanda gumi ya jiƙa wa riga. Aka gaisa doguwar gaisuwa, don tsoho ko gobara ake yi ba ya tsallake gaisuwa. Sannan ya ce, "Ɗana, kuɗin sun zo?"

"Sun zo, Baba. Suna kulle."

"Mutanen sun yi aikin?"

"Sun yi."

"Ga kuɗi, ga masu kuɗi. To mi ya hana?"

Akawun ya ce ba kowa ke karɓar abu ɗaya ba. Wani ya yi ƙarin awa, wani ya yi fashi, wani an ba shi rance za a cire. Duk wannan yana cikin na'ura, ita take fitar da rabon kowa. In an ce a yi da hannu, za a fi mako ana yi, kuma in aka yi kuskure a mutum ɗaya, sansanin nan ba zai kwana lafiya ba. Mai gyara kuwa daga Ikko zai zo.

Tsoho ya ce, "Ashe ba ku ka biyansu ba. Ita ka biya."

Ya ce yana so ya ga wannan mai biya. Akawun ya kai mu wata taga ta gilashi. Mai karatu, in kai ɗan yanzu ne, ba za ka gane abin da na gani ba. Akwatunan ƙarfe ne masu tsayin mutum, jere a jikin bango, da wani tebur mai maɓallai, da kwalaye cike da katuna masu huji-huji kamar gara ta ci. Kawu ya raɗa mini cewa aikin kowane lebura yana cikin hujin nan. Babu kowa a ɗakin. Babu motsi. Ni na ɗauka zan ga wani abu mai baki da hannu.

Amma ba akwatunan ne suka girgiza tsoho ba. Ƙafarsa ce ta ji wani sanyi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ya duƙa ya sa tafin hannu. A tsakiyar bazarar da mutane ke suma, ga ɗaki mai sanyi kamar cikin randa. Aka ce masa na'urar ba ta jure zafi, dole a sanyaya mata ɗaki dare da rana. Ya miƙe a hankali, ya ce, "An yi ma ƙarfe ɗakin da ba a yi ma mai jego ba."

Sai ɗan kasuwan da ke cikinsa ya farka. Ya ce, "Ɗana, tunda ba ta aiki, ɗakin banza ya tsaya. Naman shanu uku gare mu a rana. Ku ara muna kusurwa ɗaya, mu rataye, in anka biya mu kwashe. Cinya guda taka ce." Akawun ya kama kansa. Ya ce wallahi ko su sai sun cire takalmi suke shiga, ƙura kaɗan tana lalata ta, balle jini, balle ƙuda. Ya ce in ya buɗe ƙofar nan don nama, shi da kawu duk aikinsu ya tafi. A ranar na tsani mutumin nan. Yau da nake sayar da irin waɗannan kaya, na san gaskiya ya faɗa. Amma ka tsaya a inda na tsaya, ka ga sanyi a bayan gilashi yana tafiya a banza, ka san sanka yana can ƙuda ya fara sauka a kansa.

Da muka koma, baba yana zaune a kan turmi ya zuba wa naman ido. Wasu lebura sun zo neman bashi, amma baƙi ne, gobe ana iya sallamarsu, ba mu san ƙauyensu ba. An tura babur Bakura, an tura Maradun, ko za a rage wani abu. Duk suka dawo da labari ɗaya: mahautan can ma don albashin suka yi yanka. Tsoho bai ce wa baba na faɗa maka ba. Ya ce kawai, "Tashi. Rana ta kashe mu, ita za mu sa aiki."

Aka kwashe nama zuwa gida. Duk wanda ya iya riƙe wuƙa a dangi aka kira shi. Tsoka mai kyau, ta cinya da ta gadon baya, ita kaɗai ke yin kilishi, aka dinga feɗe ta fale-fale ana shanyawa a kan gadajen kara, har suka ƙare aka ɗauko asabarin ƙofofi. Mata suka hau dakan ƙuli da yaji don labu, haɗin da ake tsoma kilishin a ciki, wasu suna soya abin da zai soyu. Kayan ciki, da yake su ke fara lalacewa, tsoho ya ce a raba wa unguwa tun suna da kyau. Ranar nan gidajen da suka shekara ba su ga nama ba sun ci sun ƙoshi, suna sa mana albarka, mu muna haɗiye hawaye. Hannuwa ba su isa ba. Kafin la'asar sakaliya wari ya fara tashi daga abin da ba a kai gare shi ba, launinsa ya juya. Wannan bayan gari muka kai shi a amalanke muka binne. Inna tana tsaye a ƙofar ɗakinta muka wuce. Ta ɗaga kai ta dubi jinkar, ta koma ciki.

Bayan kwanaki mai gyara ya zo. Kawu ya ce wani ɗan ƙarfe ya cire, bai kai tafin hannu ba, ya sa wani. Aka biya albashi ba zato, ma'aikata suka fito da kuɗi da yunwar nama, mu ba mu da ko akuya. Kilishin ya ƙare tas a ranar, kuma ya yi kuɗi, amma abin da aka tara duka bai wuce kuɗin sa ɗaya matsakaici ba. Shi aka mayar jari, don gida sai ya ci. Baba ya yi shekaru kafin ya sake yanka biyu a rana ɗaya. Maraƙina biyu ba su zo ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba.

Ni ban gaji wuƙa ba. Tun daga tagar nan na ƙudurta cewa abin da zai iya tsayar da albashin sansani guda, gara in kasance a gefen masu sayar da shi. Da kalkuleta ta fara shigowa kasuwa, na saro kaɗan na kai wa masu hatsi da dillalan shanu. Da farko suna latsawa, sannan su sake lissafin da ka don su ga ko ta yi ƙarya. Daga baya suka daina dubawa. Sai kwamfuta ta sauko daga ɗaki guda ta hau tebur, na shiga sayar da na hannu ga masu buga takardu. Ta koma ta ninkewa kamar faifai biyu, na bi ta. Yanzu waya ce. Ɗana da ya karanta abin ya ce wadda ke aljihuna ta fi duk akwatunan ɗakin can ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba ta neman a sanyaya mata ɗaki. Na yarda. Abin da har yau yake ba ni tsoro shi ne, a da sansani ɗaya ne ya rataya a wuyanta. Yanzu mai tsire, mai shayi, mai babur, har kara, duk in ta yi shiru sai su yi shiru.

In na zauna na yi lissafi tsakanina da na'ura, ni ke da riba. Ta ci mini sa ɗaya, ta ba ni shago da gida, ta kai ni Makka. Na baba, ya rasu bai karɓi nasa ba, wannan asara ce, ba na yi mata kwaskwarima. Na inna kuwa, da na fara samun riba ta kirki na sayo mata bijimi, na kai har bayan ɗakinta, wanda na riga na sa wa kwano. Ta zagaya shi, ta shafa tozonsa, ta ce, "Ba shi ba ne, amma ɗaure shi." Ta turka shi har ya cika ido. Da mahauci ya zo saye, ɗan ƙanin baba ne ma, ya ce a bar shi ya yanka, in an tashi kasuwa ya kawo kuɗi. Inna ta zauna a kan igiyar, ta miƙa tafin hannu. Sai da ya je gida ya dawo ya zuba mata su a ciki, sannan ta tashi.