Kiɗan da Lamduan Ba Ta Ji Ba

Shekara goma sha tara Lamduan ta yi da Torben, kuma duk ƙauyen sun shaida ba ta taɓa barinsa da yunwa ba. Mutumin Denmak ne, tsohon direban jirgin ƙasa, dogo mai jan wuya, wanda ya sauka a garin Sakon Nakhon da akwati biyu, ɗaya na tufafi, ɗaya cike da faya-fayan kiɗa. Ita kuwa tela ce, kekenta na ƙarƙashin gida. Ya koyi cin shinkafa mai danƙo da hannu, ya koyi cin kwaɗon gwanda mai yaji yana sharar hawaye. Abu ɗaya ne ya gagari gidan, shi ne kiɗansa.

Ranar da ya fara kunnawa, da la'asar ce. Wani ƙaton goge ya shiga nishi a hankali kamar saniya mai ciwo. Inna Kham, uwar Lamduan, ta ajiye kwandon da take saƙa.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Inna. Kiɗan ƙasarsu ne."

"To ki gaya wa farang ɗin nan naki, Baturen nan, da sauran numfashina. Wanda ya kira mutuwa da kiɗa, ai sai ta amsa."

Kuma gaskiyar tsohuwa, a ƙauyen kiɗa mai sanyi na ranar ƙona gawa ne, na masu rai kuwa sai ya girgiza kwanon rufi. Washegari Lamduan ta hau babur, ta sayo masa abin jin kiɗa na sawa a kunne. Bai yi musu ba, shi dama ba mai musu ba ne. Tun daga ranar, kullum ƙarfe huɗu yana kan kujerar gora a baranda, ido rufe, hannun hagu na tashi a hankali yana sauka. Inna Kham ta rasu, aka ƙona ta, amma abin kunne bai fita ba. Sabo ya riga ya zama doka.

Wani lokaci yakan ɗaga ɓari ɗaya. "Duan, zo ki ji nan. Minti ɗaya kawai."

"Sai na gama siket ɗin nan, Tsoho."

Siket kuwa ba ya ƙarewa. Ran Juma'a sukan je gari, gidan abincin Horst Bajamushe, inda farang masu matan ƙasar ke taruwa su yi ta gardamar wane makaɗi ya fi wane, alhali makaɗan duk sun shekara ɗari biyu a kabari. Matan na gefe da turminsu na kwaɗo suna dariya. "Naki ma yana kaɗa hannu kamar mai korar sauro?" Lamduan ta fi kowa iya kwaikwayonsa, har sai an riƙe ciki.

Sai ciwon zuciya ya kwantar da shi a asibiti. Wata safiya tana goge masa fuska ya riƙe hannunta.

"Duan, in an zo ƙona ni, ki sa mini kiɗana. Guda ɗaya ne, wanda nake rufe kowace yamma da shi. Sunansa..."

Ta kife tafinta a bakinsa. "Kul! Ba a wannan magana a gadon ciwo. Kana so a ji a amsa?"

"Bari dai in faɗa miki."

"Ka faɗa mini a gida, a kan kujerarka."

Wallahi don so ta yi, haka uwarta ta koya mata, haka kowace mace a ƙauyen za ta yi. Bayan kwana biyu, da hantsi, ya cika.

Kwana uku sufaye za su yi suna addu'a kafin a kunna wuta. Lamduan ta tsaya gaban kantarsa, faifai sama da ɗari huɗu, duk da rubutun da ba ta iya karantawa ba. Wanda ke cikin na'urar kiɗan ma ita da kanta ta cire shi ranar da aka kwantar da shi, ta cusa cikin sauran, wai tana gyara masa ɗaki kafin ya dawo. Ta kira Horst da wani Ba'ingile, Clive, ko sun san wanda yake nufi. Horst ya ce lallai na majami'a ne mai muryoyi da yawa. Clive ya ce a'a, Torben mutumin piyano ne. Kai, abin haushi, kowa nasa yake zaɓa! Shekara goma suna shan giya tare, ashe babu mai sauraron wani.

Bayan sun tafi ta sa abin kunnen, karo na farko a rayuwarta. Ta kunna wannan, ta cire, ta kunna wancan. Duk ɗaya suke a kunnenta. Ta san yadda girarsa ke ɗagawa, ta san inda hannun ke tsayawa a sama, amma sautin da ke ɗaga hannun ba ta san shi ba. Nan ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi a asibiti ba, don ta gane akwai wani ɗaki a cikin mutumin nan da ya yi ta buɗe mata ƙofarsa, ita kuma tana ɗinki.

Da safiyar ƙonawa ta ga wani faifai da murfinsa ya tsage, takardarsa ta yi baƙi da shafar yatsa. Ba ta saurara ba, tsoro take ji kada shi ma ya zama kamar sauran. Ta kai wa Sawat mai lasifika a harabar haikali.

"Ƙanena, in an ɗauki akwatin gawa, wannan za ka sa."

"An gama, Yaya."

Aka ɗauki akwati. Lamduan na durƙushe gaban sufaye, hannu haɗe, ba damar ta motsa sai sun kai ƙarshen addu'a. Sawat ya danna. Janareta na ruri, mata na rabon ruwan ƙanƙara, karnuka na faɗa bayan rumfa, lasifika kuwa shiru. Ya murɗa waya, ya bubbuga na'ura, ya girgiza kai.

"Faifan farang ya lalace!"

Ya zare shi, ya sa kiɗan makoki na kullum, wanda aka ƙona Inna Kham da shi. Lamduan na ji, tana gani ta gefen ido, bakinta na bin addu'a. Kafin sufaye su sauke murya hayaƙi ya tashi.

Da jama'a suka fara watsewa ta karɓo faifan, ta tari Horst a bakin ƙofa.

"Shi ne? Don Allah ka gaya mini."

Ya juya murfin, ya daɗe yana kallo. "Ban sani ba, Lamduan. Amma bai lalace ba. Haka yake farawa, ƙasa-ƙasa. Sai an yi shiru ake jinsa."

Ta tsaya riƙe da faifan. Bayanta Sawat ya riga ya fara naɗe wayoyinsa.