Tsuntsayen da Yaya ya yanka da biro

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma ni ma na taɓa iya zane.

Jiya na je gaida Yaya Sule a Kazaure. A bangon falonsa an rataye zanen zalɓe tsaye a bakin ruwa, har da gilashi.

"Kin ga hannun jikata?" in ji shi, yana washe baki. "Wallahi, Binta, ban san inda ta gado ba."

Na ce, "Allah ya yi mata albarka, Yaya." Iyakar abin da ya iya fita ke nan.

Zamanin da kuɗin fetur ya shigo aka gina mana dam na tare ruwa, ina 'yar shekara sha biyar, ko haɗa ido da mutane ba na iyawa. Daga littattafan soyayya sai fentin ruwan da malamarmu 'yar kudu ta ba ni. In mun je wanki bakin dam sai in raɓe gefe in zana tsuntsaye irin su balbela da kirinjijiya, har na cika littafi guda.

Yaya ya gano shi. Ya ce zanen abu mai rai bai halatta ba sai an yanke wuya. Ya ɗauki jan biro ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ja musu layi a wuya, ina tsaye ina kallo. Ban ƙara taɓa fenti ba.

Ranar na rubuta masa wasiƙa, na kasa ba shi. Tana nan a ƙasan akwatina.

Wataƙila ku ce in bar tsoho ya manta abinsa, ku faɗa ina ji. Ni dai gobe zan miƙa masa wasiƙar da hannuna.