Mavluda-opa, Mai Ɗaura Ƙulli Daga Baya

"Saura minti goma a karɓe zauren!" Jasur mai hoto ya buga ƙofar ɗakin shiri.

A ciki, Shuhrat-aka, tsohon makaɗin piyano, yana tsaye gaban madubi da laktaye a wuya, yatsunsa na karkarwa. Sau huɗu ƙullin yana zamewa. Hoton bangon faifansa na ƙarshe za a ɗauka, kuma babu wanda ya san hannunsa ya fara rawa.

Mavluda-opa ta sani. A nan, "opa" yaya mace ce, "aka" kuma yaya namiji. Shekara talatin da ɗaya tana kula da tufafin makaɗa a zauren nan na Tashkent. Ita ke buɗe ɗakin, ta jona dutsen guga, ta ɗora koren shayi.

Jasur ya leƙo. "Opa, ki maƙala masa mai roba mana, mu huta!"

"Maƙala wa kanka. Fita ka ja ƙofar."

Ta ja kujera. "Zauna, aka."

"Za su gane, Mavluda," in ji shi. "Faifai goma sha biyu, duk ƙullina ya karkata hagu."

"Na goge rigunan duka goma sha biyun. Ɗaga haɓa."

Ba ta tsaya gabansa ba. Idan wani ya ɗaura maka laktaye yana fuskantarka, ƙullin juyewa yake, kuma masu bin hotunan nan ba sa rasa irin wannan. Ta zagaya bayansa, ta zuro hannuwa ta kafaɗunsa, ta ɗaura siririn ƙulli, ta karkata shi hagu.

Faifan ya fita. Ba wanda ya gane. Shekara shida ba ta faɗa wa kowa ba, sai jiya Shuhrat-aka ya ba da labarin da bakinsa a walimar ajiye aikinta.

Ke ce, opa, mai hannu a bangon faifai tamanin, babu sunanki ko a ɗaya. Mun gode. Masu tasowa, ku koyi tsayawa ta baya.

A ƙarshen walimar, ana kwashe kwanukan shinkafa, wani dattijo da ba a sani ba ya shigo, laktaye a saɓe a kafaɗa, hannuwansa duka biyu cuse a aljihu.

"Wace ce Mavluda?"

Ta dubi aljihun, ta gane abin da yake ɓoyewa, ta ajiye kofin shayinta.

"Jasur, fita ka ja ƙofar."