Hular da Habu Ya Ɗora Mini

Laifin nawa ne, ba na manaja ba, ba na direba ba. Na fara da wannan ne don kada yaran da ke aiki yanzu su zaci labarin wani zan ba su. Har yau ban manta da ranar da na shiga ƙofar kamfani da sabuwar hula a kaina ba, domin da hular nan na ɓata sunan mutumin da bai taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Ni da Habu rana ɗaya aka ɗauke mu lebura a wani kamfanin fata da ke Challawa. A Panshekara muke haya, keke ɗaya muke hawa, ni ke tuƙi shi yana baya. Sashen jiƙa aka kai mu, inda ake tsoma ɗanyar fata a ruwan magani don gashin ya zube. Wanda ya yini a nan, ko ya ƙarar da sabulu a jikinsa, mutanen bas sun san daga inda ya fito. Daga lebura sai helma, daga helma sai foman. Na riga Habu zama helma, kuma na daɗe ina tuna wa kaina wannan.

Shi ya shiga makarantar dare, ina yi masa dariya. Daga nan ya zama sakataren ƙungiyar ma'aikata. Da soja suka sauka aka dawo da siyasa, mutanen yankinmu suka tsayar da shi, ya ci kujerar majalisar dokokin jiha. Na jefa masa ƙuri'a, amma da na ji sakamakon a rediyo, tuwon ranar bai wuce mini ba. Mutumin da nake goyawa a keke ya zama Onarabul, ana buɗe masa ƙofar mota. Ni kuwa an mai da ni ofis, ɗan aiken manajan ma'aikata.

A lokacin ne masu lambu da masunta na bakin kogi suka kai ƙara majalisa, cewa ruwan da kamfanonin fata ke saki ya yi baƙi, yana kashe kifi yana ƙona shuka. Aka kafa kwamiti, Habu yana ciki. A zaurensa manoman suke taruwa, don sun san ya san ramin da ruwan yake fitowa.

Ana sauran 'yan kwanaki Babbar Sallah manaja ya kira ni. Ya ce ya ji ni da Onarabul abin namu tun na keke ne, saboda haka ni zan kai masa gaisuwar Sallah. Aka loda rago, da buhun shinkafa, da shadda, da rediyo mai kaset a bayan a-kori-kura. Ya ce in na ga fuska, in tuna masa yawan bakin da ke ci a kamfanin nan, a sassauta rahoto. Kamun ƙafa ke nan, ko da yake ba wanda ya kira shi da sunansa.

Bitrus direba ne ya kai ni. Habu ya tarbe ni da dariya, yana kirana Helma kamar dā, ya sa aka kawo mana fura. Da ya leƙa bayan mota sai dariyar ta tsaya. Ya bayyana mini ƙa'idar kwamitinsu: muddin ana binciken kamfani, ɗan kwamiti ba zai karɓi ko goro daga gare shi ba. In an kawo, sai ya mayar, sannan ya shaida wa shugaban kwamiti wanda ya aiko da wanda ya kawo.

“Kayan dai za su koma,” in ji shi. “Amma sunanka ba zan kai ba, Isiya. In aka kira ka majalisa, kamfani kai zai zare ya ce bai aike ka ba. Wa zai ciyar da yaran?”

Da zan tashi ya dubi tsohuwar hulata ya ce ko ita ce dai ta zamanin ramin jiƙa. Ya cire sabuwar zanna daga kansa ya ɗora mini. Don zumunci ya yi, yanzu na sani. Amma a ranar ji na yi kamar ubangida ya sallami bara.

Da muka koma kamfani, manaja ya ce a zagaya da kayan ta ƙofar baya, kuma ya gargaɗe mu kada kowa ya ji an dawo da su.

Washegari na sa hular na zauna a bencin mai abinci da ke bakin get, inda 'yan kwanan aiki da masu shiga suke haɗuwa. Kowa ya ga an loda rago jiya, kowa ya san inda aka kai ni. Wani foman ya ce, “Isiya, wannan zanna fa? Albashi aka ƙara maka mu ba mu sani ba?”

Na ce, “Tukwici ce.”

Ban ƙara komai a kai ba, ba na ma bukata. Duk Bahaushe ya san ba a ba ɗan aike tukwici sai an karɓi saƙo. Nan take aka fara ashe-ashe. Na ci shinkafata ina jin daɗin da ban ji ba tun ranar zaɓe. Kafin yamma ragon ya zama biyu a bakin mutane, kafin Sallah an ƙara da babur.

Manoman suka daina zuwa zaurensa, suka kai maganar wajen shugaban kwamiti. Da aka tambayi Habu, ya ce an kawo, ya mayar. Aka ce me ya hana shi kawo rahoto kamar yadda ƙa'ida ta ce, kuma wa ya kawo kayan? Ya ƙi faɗa. Rabin ƙa'idar da ya karya, don ni ya karya, kuma da ita aka kama shi. Ya sauka daga kwamitin. Rahoton da ya fito daga baya bai hana komai ba, ruwan ya ci gaba da gangarawa lambunan mutane. Da zaɓe ya zagayo, jam'iyyarsa ba ta sake tsayar da shi ba.

Bitrus ne kaɗai ya tare ni. Ya ce shi da kansa ya tuƙo motar da ta dawo da ragon nan, yana da iyali shi ya sa ya yi shiru, amma Allah yana gani. Daga ranar ya daina ɗaukata a mota in ya same ni a hanya. Habu kuwa bai taɓa aiko mini da magana ba. Ranar sunan ɗana ma sai ga ƙanensa da goro.

Ku da ke aiki yanzu, za a aike ku da irin wannan kaya, a ce gaisuwa ce. Ku sani wanda ya mayar da kyauta ba shi da mai shaida sai ɗan aiken da ya kawo ta. Shaidar Habu a hannuna take, na ɓoye ta don na riga shi zama helma.

Bayan soja sun dawo an rushe majalisu, Habu ya koma sayen ɗanyar fata a ƙauyuka yana kawo wa kamfanoni. In na hango shi a get sai in shige sito. Shekaru na yi ina haka. Wata rana na gan shi a bencin mai abincin nan, yana jiran a auna masa kaya, gemunsa ya fara furfura. Foman ɗin nan yana wajen, Bitrus ma yana goge mota kusa. Na hau keke na koma gida, na ciro hular daga ƙasan akwati, na dawo. Na durƙusa a gabansa na ajiye ta a kan gwiwarsa, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Jama'a, a bencin nan na ce hular nan tukwici ce. Ƙarya na yi. Ko ƙwayar shinkafa Habu bai karɓa ba, ni da Bitrus muka dawo da kayan. Sunana ya rufa wa asiri ya rasa kujerarsa, ni kuwa hassada ce ta ci ni. Habu, na san wannan ba zai dawo maka da komai ba. Na zalunce ka. Don Allah ka yafe mini.”