Bencin da Ya Karye da Kaka

Yayana kafinta ne. Duk unguwa Sannu-Sannu ake kiransa, don in ka kai masa aikin kujera ɗaya, to gara ka fara koyon zaman ƙasa. Katako sai ya yi wata uku jingine a bayan shago yana bushewa kafin ya ɗora masa zarto. Bai yarda da ƙusa ba. Sai ya fafe rami a wannan katako, ya fiƙe bakin wancan, ya haɗa su su kama juna ƙam. Shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, ya sa ni makaranta, da na ƙi karatu ya ja ni shago. A coci kuwa shekara talatin yana bencin baya. Ko addu'a aka ce ya yi, bai fi kalma goma ba ya ce amin.

Ni ne mai bakin gidan. Ƙaramin Fasto ake ce mini, ni kuma ban taɓa hana kowa ba. Duk ranar da fasto ya yi tafiya ni ke hawa mumbari, kuma ba yabon kai ba, in na fara maganar shan wahalar Yesu a kan gicciye har tsofaffi sai sun share hawaye. A gida ma ba na hutawa. Ciwon haƙori, gicciyena ne. Surukata ta zo kwana biyu, gicciyena ne. Matata ta taɓa ce mini, "Kai kam gicciyenka sun isa a buɗe shagon katako."

Wata shekara coci ta ba mu aikin benci ashirin. Yaya ya gama sha tara, zazzaɓi ya kwantar da shi, ga ranar kai kaya ta matso. Na ce a raina, wannan ɗan abu? Na jawo ɗanyen katako, na zuba masa ƙusa, na shafe da fenti har yana ƙyalli. Kafin la'asar na gama abin da Yaya ke kwashe mako yana yi. Na ma tsaya ina kallonsa hannu a ƙugu.

Wata huɗu bencin ya yi. Katakon ya bushe, ya tsage ta wajen ƙusoshin. Ranar wata Lahadi, ana tsakar waƙa, sai muka ji ƙarar karyewa. Wadda ke kai wata tsohuwa ce da kowa ke kira Kaka, gwauruwa, ba ɗa ba jika a kusa. Ƙashin ƙugunta ya karye.

Dattawan coci suka kira mu. Ina zaune ina zufa kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Wani dattijo ya juya guntun bencin ya ce, "Ƙusa? Yaushe ka fara wannan, Sannu-Sannu?"

Yaya ya dubi ƙusoshin, bai ko kalli inda nake ba. Ya ce, "Daga shagona ya fito. Ni zan ɗauka."

Ni fa? Na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Mu yi addu'a."

Aka karɓe aikin coci daga hannunsa. Masu kawo gyaran ƙofa da gado suka ja baya. Kaka ta fito daga asibiti ba ta iya taka ƙasa, ɗakinta kuma a saman bene yake, matakala ashirin da biyu. Babu wanda ya sa shi, Yaya ya mai da ɗaukarta aikinsa. Kullum da safe zai je ya goyo ta ya sauko da ita ta sha iska, ranar asibiti ya kai ta bakin titi, ranar Lahadi ya kai ta coci. Ita kuwa bakinta bai karye ba. Tana bayansa tana faɗa: "Maƙetaci! Ka karya ni, yanzu kuma za ka kayar da ni? Taka a hankali!" Shi dai sai ya ce, "To, Kaka."

Wata tara ana haka. Ni kuma me nake yi? Ina shan wahala iri tawa. Na ɗauki azumi na kwana uku, na karya a rana ta biyu don na ji ƙamshin girki. Na daina zama a kan kujera mai laushi. Na riƙa yawo da fuska a murtuke har mutane na cewa, "Kai, Ƙaramin Fasto ya yi nisa a ruhaniya." Wa'azina ma ya ƙara daɗi, abin kunya. Ina tsaye ina bayyana yadda marar laifi ya ɗauki laifin masu laifi bai buɗe baki ba, ga Yaya can baya yana gyara wa Kaka matashi.

Wata safiya ya sauko da ita, ya ajiye ta a kan kujera, ya zo miƙewa ya kasa. Likita ya ce ƙashin bayansa ya taɓu, kada ya sake ɗaga ko bokitin ruwa. Kafinta ke nan, an ce kada ya ɗaga katako.

Na same shi kwance a kan tabarma, matarsa na gasa masa baya da ruwan zafi. Da ta fita na durƙusa, na ce, "Yaya, ni na yi bencin nan."

"Na sani. Wa zai buga ƙusa a karkace haka in ba kai ba?"

"To me ya sa ka yi shiru?"

"Da sun tsige ka ranar, da ka bar cocin, ka bar garin. Na san halinka." Ya numfasa. "Amma ban ɗauka don ka ɓuya a bayana ba. Na ɗauka ne don ka samu ka miƙe. Ka dai daɗe."

Lahadin da ta biyo na hau mumbari ba takarda a hannu. Wa'azin da ya fi kowanne gajarta a rayuwata, ko minti biyu bai kai ba, kuma babu wanda ya yi kuka sai ni. Dattawa suka ce in sauka in huta shekara guda. Da na je ɗakin Kaka na faɗa mata, ta kira ni da sunaye huɗu da ba zan maimaita ba, sannan ta ce, "To me kake jira? Juyo bayanka ka goye ni." A matakala ta goma na fara kiran sunan Yesu da gaske.

Da yamma na koma wurin Yaya. Na ce masa ya faɗi abin da zan yi in rama masa, ko mene ne. Ina so ya zage ni, ko ya ɗora mini wani abu mai nauyi in ji sanyi a raina.

Ya ce, "Bayan nawa za ka mayar mini? Ba ka da abin ramawa, ƙanena. An yi maka, ka karɓa."

Na zauna a bakin tabarmar. Can ya ce in miƙo masa ruwa, na miƙa masa, na tallafo kansa ya sha.