Uwar Dalma da Doguwar Ƙafa

Duk layin, da sunan Uwar Dalma suka san ta, har masu hayar da suka tare kwanan nan. Sunan ya biyo ta ne daga kamfanin haɗa rediyo, inda ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan kujerar ƙarfe tana liƙe ƙananan kaya a jikin fanel da narkakkiyar dalma. Mata ne cike da ɗakin aikin, wai masu kamfanin sun ce hannun mace ya fi natsuwa. Da an zo rabon muƙami kuwa, sai hannun namiji ya zama shi ne mai natsuwar. Yadda ta shiga haka ta fito, ko shugabancin tebur ɗaya ba a taɓa ba ta ba.

Aikinta guda ne. Fanel zai iso gabanta, ta ɗauki kafasita, ɗan abin nan mai ajiye wuta, ta datse ƙafafunsa biyu da filaya su yi daidai, ta duba layin da ke jikinsa, ta soka, ta liƙe, ta tura gaba. Ba ta taɓa haɗa rediyo ɗaya daga farko har ƙarshe ba. A bayan kujerarta akwai ɗakin gwaji, da wata na'ura mai fito da ake gwada sifika da ita. Idan mai gwajin ya murɗa makunni, muryar ta hau sama siririya, ya sake murɗawa ta sauko kamar saniya. Sauran mata toshe kunne suke yi. Ita kuwa a ranta cewa take, wannan da za a ba shi tarbiyya, waƙa zai yi.

Kamfanin ya rufe. Maigidanta ya rasu ba da jimawa ba. Da tebur ɗaya a ƙaramin ɗakin bakin ƙofa ta raini 'ya'yanta biyu, tana gyaran rediyon maƙwabta, har babbar ta zama nas, autan ya samu aikin tuƙi. Sai waya ta shigo, kowa ya jefar da rediyonsa. Matattun da masu su ba su dawo karɓa ba suka taru mata a lungu har kusan rufi.

A nan ne ta tuna da na'urar ɗakin gwaji. Ta ciro aljihun tsohuwar durowa ya zama akwati. Ta yanka gwangwani sala-sala ya zama madannai. Makunnai da sifika da transfoma duk daga gawar rediyoyin nan ta kwance su. Akwatin kiɗa take haɗawa, irin wanda ba shi da tsirkiya ba shi da fata, wuta ce kawai ke zagayawa a cikinsa ta zama murya. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai tsohuwa za ta buɗe gidan rawa. Da namiji ne ya yi, da tuni sun kira masu ɗaukar hoto.

Abin da ba wanda ya sani shi ne idonta. Yanar ido ce ta fara rufe shi a hankali, kamar an shafa wa gilashi sabulu. Hannu bai manta komai ba, kunne ma garau. Amma kafasita iri biyu ne. Akwai wanda ba ruwansa, duk ta inda aka juya shi aiki zai yi. Akwai kuma mai kama da ƙaramar ganga, shi yana da gaba da baya, da farin layi a gefe ɗaya don a gane. In aka soka shi a juye, zai kumbura ya fashe. Sabon irinsa yakan zo da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ko makaho zai lalubo. Nata kuwa duk na kwance ne, an daɗe da datse musu ƙafa. Layin nan kaɗai ya rage, shi kuma fenti ne, yatsa ba ya jin sa.

Ran da ɗaya daga cikinsu ya fashe mata, Nas na gidan. Ta kawo wa uwar magani, tana tsakar gida tana wanke hannu, sai ta ji ƙara kamar an fasa leda. Ta tarar da ɗakin da hayaƙi mai ɗaci, da ɓurɓushin takarda a goshin uwarta, ɗan yatsa ɗaya sama da gira.

"Umma, me ya faru?"

"Tsohon kaya ne. Ya gaji."

"Da a ido ya same ki fa?"

"Ai bai samu ba."

Da yamma Nas ta kira Auta, suka zauna a falon uwar, a kan kujerunta, suna shawara a kanta kamar ba ta wurin. Haka 'ya'yan yanzu suke. Ka goya su, ka share musu hanci, ran da suka fara karɓar albashi sai ka zama kayan ɗaki, a ce a matsar da kai can. Shawarar ta tsaya a kan cewa Nas za ta dawo ranar hutunta ta ga akwatin nan da idonta. In ya yi aiki lafiya, to. In ya sake ko da tari, a kwashe tebur, a ba da ɗakin haya, Umma ta koma gidan Nas a hawa na sama, inda babu abin taɓawa sai rimot.

"Don lafiyarki ne, Umma," in ji Auta, yana kallon wayarsa.

"Na ji," ta ce.

Tun daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi. Ta san bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ta kuma san in ta ce uffan game da idon, ba sai an jira ranar hutu ba, a take za a naɗe mata tebur. Sai ta yi ta juya abin a ranta tana shara, tana wanki, har dabara ta zo mata. Ai muryar da ke zagayawa cikin akwatin ba hanya ɗaya take bi ba, gaba take yi ta yi baya. Mara gaba da bayan ma ya fi dacewa da ita. A cire masu layin nan duka, a sa waɗanda ba ruwansu. Ido ya huta.

Washegari ta hau mota zuwa kasuwar kayan wuta, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta bi rumfuna tana ƙirga lunguna da ƙafa, tana gaisawa da duk inuwar da ta gaishe ta, har ta isa wurin Dogo, wanda tun zamanin gyaran rediyo take sayen dalma a hannunsa.

"Mama, yau da rana tsaka? Ko matattun sun ƙare?"

"Bakinka dai bai mutu ba. Kafasita nake so, marasa gaba da baya."

Ya zubo mata wasu a tafin hannu, ƙanana, faka-faka kamar ƙwayar magani. Ta murza ɗaya ta mayar masa.

"Waɗannan ka ba masu gyaran tocila. Ɗakina da rana tanda ne. Da sun ji zafi murya za ta kauce, in danna abu ɗaya da safe ya ce wani, da azahar ya ce wani."

"To mawaƙan ma ai haka suke."

"Ba ni masu kusurwa, masu rigar roba."

Ya jawo wata durowa ya zubo su, kamar ƙananan alawa. Ta shafa, ta ji santsinsu da ƙafafunsu a tsaye daidai wa daida, sai ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta. Ta karanto masa girman da take so da ka, yana zaɓa yana sawa a leda daban-daban, ita kuma tana ƙulla kowace leda da irin nata ƙullin don ta gane.

"Saura babban," ta ce. "Na bakin transfoma, mai tace wuta."

Dogo ya girgiza kai. "Wannan kam, Mama, ke ma kin sani. Mara layi mai wannan girman ba na ajiyewa, ba kuma za ki samu a layin nan ba. In kika ce za ki jera ƙanana su kai shi, sai kin cika aljihun durowar kin ƙara da bokiti."

Ta sani. Ta dai yi fatan duniya ta canja tun rabonta da kasuwa. In babu shi kuwa, akwatin gurnani kawai zai yi ta yi. An gudu ba a tsira ba.

"Kawo sabo."

Ya miƙo. Ta laluba ƙasansa, ta ji ƙafa ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta. Ta sake shafawa. Dogo yana kallon yadda ta kawar da fuska tana aiki da yatsa, har ta buɗe jaka.

"Bari in manna miki ɗan salatif a gefen layin. Don saurin aiki."

"Ni za ka yi wa alama? Kana rarrafe nake soka waɗannan."

"Allah ya ba ki haƙuri."

"Ya ba mu gaba ɗaya."

A mota ta yi ta jin haushin kanta, amma ta lallashi zuciyarta da cewa ai ga doguwar ƙafa nan.

Kwanakin da suka biyo baya ta yi su ne a kan tebur, taga a buɗe don haske. Ta cire masu layin ɗaya bayan ɗaya ta watsa su a gwangwani. Ta soka sababbin duk ta inda hannu ya kai, ba tsoro. Rabon da ta ji daɗin aiki haka har ta manta. Babban kawai ta bari a ledarsa. Kullum sai ta ce gobe. Ta ɗauko, ta shafa doguwar ƙafar, gabanta ya faɗi, ta mayar.

Har ranar hutun Nas ta zo. Da hantsi ta yi waya ta ce ga ta nan a hanya. Uwar Dalma ta jona ƙarfen dalma ya fara zafi. Ta zauna, ta ciro babban daga leda. Hankalinta na kan titi, kowace mota ta tsaya sai ta ce ita ce. Tana tsara abin da za ta faɗa, da yadda za ta zauna don kada haske ya bugi idonta Nas ta lura. Can ta ji ƙas, da wani ɗan abu ya faɗi a siminti.

Filaya ce a hannunta na dama. Ba ta san lokacin da ta ɗauka ba.

Ta shafa ƙasan kafasitan. Ƙafa biyu, daidai wa daida, datsa mai kyau irin wadda shugaban ɗakin aiki yake yabawa. Sabo turken wawa. Hannun da ya ciyar da ita shekara da shekaru, shi ne yau ya yi mata aikin kamfanin da ya daɗe da rufewa.

Ta kai shi bakin taga. Ta matso da shi har yana taɓa gashin idonta, ta nisanta shi, ta juya. Baƙin abu ne kawai a cikin hazo. Wani gefen kamar ya fi haske, da ta sake juyawa ɗayan ma ya yi hasken. Kasuwa ta yi nisa. In ta soka da ka, ko ya yi ko ya fashe, kuma wannan ya ninka wanda ya fashe rannan girma, ga Nas za ta sunkuyo da fuskarta a kai don ta gani da kyau.

Wannan tunanin ne ya tsayar da ita. Tana nan riƙe da shi aka yi sallama.

"Umma, ina kwana. To, ina mawaƙin namu?"

"Ajiye jakar ki zo nan." Ta miƙa mata. "Wane gefe ne farin layin?"

Nas ta karɓa. Layin ya kai faɗin farce, fari fat a kan baƙi, daga ƙofa ma ana hango shi. Ta dubi layin, ta dubi uwarta. Ta ɗaga haɓarta da yatsa biyu ta juya fuskar wajen taga, yadda take yi wa marasa lafiya.

"Tun yaushe?"

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

"Umma, kullum ina shigowa gidan nan. Ni nas ce. Me za a ce da ni?"

"A ce uwarki ta fi ki wayo. Wane gefe?"

Nas ta kama babban yatsan uwar ta ɗora shi a kan layin. Uwar Dalma ta riƙe wurin gam, ta lalubo ramukan biyu da ɗaya hannun, ta soka, ta kifa fanel ɗin. Ƙarfe ya taɓa, dalma ta narke ta zauna, sau biyu. Hannun ko rawa bai yi ba.

"Matsa baya," ta ce. Ita ma ta ja kujera, ta miƙa hannu ta kunna.

Ba ƙara, ba hayaƙi. Ta jira. Ta danna salar gwangwani ta farko, murya ta fito siririya, tsaf, ba gurnani a ƙarƙashinta. Ta danna ta kusa da ita, ta hau. Ta murɗa makunni, ta sauko ta yi kauri har aljihun durowar na rawa. Wata maƙwabciya ta leƙo ta taga da kwano a hannu.

"Ya yi aiki lafiya," in ji Uwar Dalma. "Haka kuka ce."

"Haka muka ce." Nas ta zare wayar ƙarfen dalma daga bango. "Yana ce, Umma. Cire ta ake yi, mutum ya koma gida a ranar. Da kin faɗa da tuni an wuce wurin. Gobe da safe za mu je a duba."

"In ba a dace ba fa?"

"Sai mu san abin yi."

Ta tsaya har ƙarfen ya huce, ta naɗe shi a tsumma ta sa a jakarta, a gaban mai shi, ko kunya babu.

"Aro na ɗauka. Ran da aka cire miki bandeji zan dawo da shi da hannuna."

"Tebur fa?"

"Tebur na nan. Ni zan gaya wa Auta."

Uwar Dalma ba ta raka ta ƙofa ba. Ta shafa wurin da ƙarfen yake zama, da sauran ɗuminsa a jikin katako. Sai ta tashi ta tattara ledojin nan masu ƙulli, ta tura su can ƙarshen durowa ta kulle don ko da ba a dace ba, ta ɗaure makullin a bakin zaninta.