Rabin Buhun Gawayin da Na Binne a Treichville

Jiya, ruwa ya ɗauke ke nan, na wuce gaban wani mai gasa nama, sai warin jiƙaƙƙen gawayi ya bugi hancina. Na tsaya cak a tsakiyar titi, har wani direban tasi ya leƙo yana tambaya ko titin gadon ubana ne. Bai san Kaka ce ta tsayar da ni ba.

Kaka, mahaifiyar babanmu, tuwo da shinkafa take sayar wa leburorin tashar jirgin ruwa. A tsakar gidan hayarmu na unguwar Treichville take girki, a kan manyan furno uku na gawayi. Lokacin shekaruna goma sha uku, kuma tun a aji uku na bar lekol. Ni da malamin muka rabu kowa yana murna.

Daga Nijar ta zo. In ka tambaye ta abin da ya raba su da garinsu, ba ta cewa yunwa. Cewa take, "Mun cinye dajinmu a cikin tuwo." Takan kuma ce hayaƙi ba ya ɓacewa, sama yake hawa ya zauna jiran masu shi. Mu dai dariya muke yi a ɓoye.

Ba ta sayen gawayi sai wajen wata tsohuwa a can ƙuryar unguwar Adjamé, wadda ta rantse mata cewa itacen da ya faɗi da kansa kaɗai ake ƙona mata. Ko gaskiya ne, Allah masani. Duk buhun da ya zo sai Kaka ta fasa gawayi ɗaya, ta shinshina, ta faɗi sunan bishiyar kamar tana gaida 'yar'uwa.

Wata damina Kaka ta aike ni wajen tsohuwar. Ranar na sa sabon farin takalmina, hanyar tsohuwa kuwa taɓo ne har idon sawu. Ina tsaye ina duban taɓon ina duban takalmin, sai ga wata babbar mota a bakin titi shaƙe da buhuna. Mutum biyu ne a kanta. Ɗaya ya nuna min buhun gawayi da leɓe, na ɗauka. Nauyinsa ya fi na kullum, amma takalmina ya dawo gida tas.

Na yi sa'a, a tunanina, mura ta toshe hancin Kaka.

"Na tsohuwa ne?"

"Nata ne, Kaka. Tana ma gaishe ki."

Ka ji fa, har da ƙarin gaisuwa.

Da hantsi ta hura. Gawayin bai yi ƙaran nan na tsat-tsat ba, shiru ya kama. Hayaƙin kuma ya ƙi tashi. Ya kwanta a tsakar gida, fari, iya gwiwa, kana tafiya yana buɗewa yana rufewa a bayanka. Ban taɓa shiga kurmi ba, amma na san warin kurmi ne, na ruɓaɓɓen ganye da inuwa. Kajin gidan suka haye katanga suka ƙi sauka. Maƙwabciyarmu ta kwashe 'ya'yanta ta ja ƙofa. Ga rana tsaka, ga ƙugin jiragen ruwa daga tasha, amma a gidanmu kowa raɗa yake yi. Kuma duk inda Kaka ta ja kujerarta, can hayaƙin yake taruwa.

Ta fara tari. Ni na san dalili, na kama bakina. Rana ta uku, ana kiran azahar, ta sulale gefen furno, numfashinta yana fita kamar ana jan zare. Baba na ihu a nemo mota, ita kuwa ta damƙe wuyan hannuna.

"Ɗan nan," ta ce, "hancina ya buɗe. Wannan itacen da ransa aka sare shi, kuma a inda ba a shiga da gatari."

Nan na zazzage komai, har takalmin. Baba ya ɗaga hannu, ta ce, "Ƙyale shi. Ya mayar musu da abinsu."

Na kinkimi ragowar buhun zuwa Adjamé. Babu mota. Matan da ke sayar da ayaba a wurin suka dube ni kamar taɓaɓɓe, suka ce kwata ce a nan, ina mota za ta tsaya? Na dawo da shi a ka. Kaka tana kwance, an dawo da ita daga asibiti, ta ce, "To binne shi. Daga ƙasa ya fito."

Na fasa siminti bayan banɗaki, na haƙa rami sanye da farin takalmina, na juye. Kafin gari ya waye numfashinta ya daidaita. Baba ya ce ƙwayar likita ce. Ban yi musu ba. Ta ƙara shekaru a duniya, amma muryarta ba ta sake washewa ba.

Na taɓa tambayar ta, rabin da muka ƙona fa?

"Yana sama," ta ce. "Naka ne."

Yanzu da gas ake girki a gidana. Zafi ya ƙaru, damina ba ta san lokacinta ba. Kwanaki autata ta dawo daga makaranta tana ba ni labari, wai kaso mai yawa na hayaƙin da ke ɗumama duniya daga cikinmu yake fitowa: dajin da ake ƙonewa a yi gona, shanu, gawayin girki. Ta faɗi lamba, ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan. Ta ce, "Baba, ka gane kuwa?"

Na ce na riga malaminku sani. Ni har kasona na sani.

An rushe gidan nan, bene ne yanzu, da shagon waya a ƙasa. Da na leƙa wurin, mai shagon ya ce min wata kusurwa ba ta bushewa ko da rani, ya rasa dalili. Na ce ya bar ta haka, kada ya tona. Da na fito, na ɗaga kai na dubi sama, na yi sauri na sunkuyar.